Shagon taliyar bayan makarantarmu a Guangzhou

Shekarata ta uku ke nan ina koyar da Turanci a wata makarantar renon yara a birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, ajin 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Ƙarfe sha biyu na yi yara sun ci abinci sun kwanta barcin rana, ni kuwa sai in saɓi jakata in fita, don kicin ɗin makarantar ba ya raba tukunyar kaza da ta naman alade. Makona na farko da burodi da ayaba na yi shi. Ran nan wata abokiyar aikina ta ja hannuna zuwa bayan layi, ta nuna min wani koren allo mai haruffa biyu, ta ce "qingzhen", wato halal. Shagon taliya ne irin ta birnin Lanzhou, tebur shida kacal, na wani iyali Musulmi 'yan ƙabilar Hui daga lardin Qinghai.

A gaban idonki ake yin taliyar. Ɗan mai shagon zai yanko kwaɓin fulawa ya ja, ya ninka, ya sake ja, ya buga shi a kan tebur, kafin ki gama wanke hannu ya zama zare-zare ya faɗa tukunya. Za a tambaye ki kaurin da kike so, daga siririya kamar gashi har mai faɗi kamar ɗamara. Ni ta tsakiya nake ci, wadda suke kira erxi, don ba ta saurin jiƙewa. Romon shi ne komai. Na ƙashin saniya ne, garai-garai har kina hango gindin kwano, ba maiƙo, ga yankan farin radish, ga jan man barkono, ga ɗanyen ganye a sama. Yuan 15 nake biya da wayata. Wadda ta tashi da yaji irin na gida ta ce a ƙara mata barkono cokali biyu, don nasu ƙamshi ya fi yawa, zafin kaɗan ne.

Inda suka gaza ba zan ɓoye ba. Naman yanka huɗu ne ko biyar, sirara kamar takarda, sai kin ƙara kuɗi a kawo miki wani a faranti. Wurin ya matse, da rana dole ki raba tebur da wanda ba ki sani ba, kuma daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da zafin Guangzhou ke haɗuwa da laima, na'urar sanyinsu ba ta iya wa ɗakin. Soyayyar shinkafarsu ma ba ta kai taliyar ba, mai ya yi mata yawa.

Amma darajar shagon sai lokacin bukukuwa take fitowa, domin a nan kowane biki da abincinsa, kuma makarantar yara ba ta barin ko ɗaya ya wuce. A bikin tseren kwale-kwale muna naɗe zongzi da yara, wato shinkafa mai danƙo a cikin ganye, irin na wannan yankin kuwa da naman alade ake yawan cusa shi. A bikin tsakiyar kaka iyaye kan aiko da akwatunan kek mai siffar farin wata, wanda sau da yawa da kitsen alade ake kwaɓa shi. Yaro zai miƙo min da hannu bibbiyu, idonsa a kaina, ya ce "laoshi, ci", wato malama. In karɓa, in yi godiya, in ajiye, zuciyata ba daɗi. Da na ba matar mai shagon labari, wadda nake kira ayi kamar yadda ake kiran inna, sai ta sayo min na halal. Washegari na kai aji muka yanka, na ci a gabansu. Wata yarinya har tafi ta yi.

Bikin bazara, sabuwar shekararsu, shi ne mai wuya ga baƙo. A 2025 ya faɗo ran 29 ga Janairu. Kafin hutu mun yi ta yanka jajayen takardu da yara, mun je kasuwar furanni da aka san Guangzhou da ita, malaman da ke da aure suka ba ni jan ambulan mai 'yan kuɗi a ciki, don al'adar nan masu aure ke ba marasa aure. Daga nan gari ya watse, kowa ya tafi garinsu, shagunan layinmu duk aka ja ƙofa. Nasu kaɗai ke kunne da wuta. Kwana bakwai a jere can na ci abincin dare, ayi tana zaune kusa da ni tana gyaran tafarnuwa, muna hira da guntun Sinancina da hannu.

Ƙaramar Sallah ba ranar hutu ba ce a lardin Guangdong. Na roƙi rabin yini na je idi a masallacin Xianxian, inda ake cewa nan kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, har na ji Hausa a bakin wasu 'yan kasuwar unguwar Xiaobei, sannan na koma aji da lallena a hannu yara suna ta juya tafina suna tambayar ko zai goge. Da yamma na shiga shagon na yi sallama. Ayi ta amsa, ta fito da youxiang, soyayyen burodin da Hui ke yi ranar Sallah, mai kama da fanke amma faffaɗa, da sanzi, soyayyen zaren fulawa mai ƙaras-ƙaras. Na ɗago waya zan biya, ta rufe lambar biyan kuɗin da tafin hannunta.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan na riƙe shi ne saboda naman. Idan za ki je, ki riga ƙarfe sha biyu ko ki bari sai bayan ɗaya, kuma ki zauna teburin ƙarshe kusa da fanka.