Asusun Ƙarfen da Na Saya wa 'Yata

A farkon 2022 na saya wa babbar 'yata asusun ƙarfe a wajen wani mai walda da ke bakin titin unguwarmu a Kano. Lokacin tana aji huɗu na sakandare, tana zuwa makaranta da zoɓo da kunun aya a kula tana sayar wa ƙawayenta in an tashi tara. Ciniki tana yi, amma ribar ba ta kwana. Yau awara, gobe data, jibi sai ka ji "Umma, wallahi ban san inda kuɗin suka yi ba." Ni kuwa tattalin arziki nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Ina koya wa 'ya'yan wasu tanadi, tawa tana watanda da jarinta.

Ɗan akwati ne bai kai rabin bulo ba, an shafa masa koren fenti, ba murfi ba kwaɗo, sai 'yar tsaga a sama wadda takardar kuɗi ba ta shiga sai an ninke ta huɗu. Na ce ya sa masa makulli, ya yi dariya ya ce, "Malama, asusu mai makulli ai adaka ce." Da gaskiyarsa. Mu da muka tashi da asusun ƙasa mun san yadda ake zaro kwabo da tsinken tsintsiya. Wannan kuwa yarinyar ta gwada da allurar kitso, ta gwada da waya, ta haƙura. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Cikin wata biyu ta saba, tana dawowa kafin ta cire hijabi za ta tura ɗari ko ɗari biyu. A nan na ba shi maki cikakke.

Burinta keken ɗinki ne, mun ce ba za a buɗe ba sai ta gama makaranta. Babban Bankin Najeriya bai san da wannan alkawarin ba. A Oktoban 2022 ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023. Dole muka koma wajen mai walda, muka tarar ba mu kaɗai ba ne, mata biyu na gabanmu kowacce da nata a leda. Ya yanke gefe ɗaya da injin yankan ƙarfe, ni zuciyata na dukan uku-uku kada tartsatsin ya kama kuɗin.

Nan aibinsa na farko ya bayyana. A ƙarƙashin gado ta ajiye shi, kan siminti, damina guda ta wuce a kansa. Cikin ba a yi masa fenti ba, ya yi tsatsa. Takardun ɗari da ɗari biyu na ƙasa sun manne da juna, sun yi fumfuna, sai da muka shanya su a tire kamar kuɓewa. Na leda, wato biyar zuwa hamsin, ko gezau. Muka sha layin banki kwana biyu, daga baya Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Wahalar banza.

Aka sake liƙe shi, ta ci gaba, wannan karon a saman kwaba. Ta gama jarrabawar NECO a 2024 muka buɗe. Ta ƙirga sau biyu, kuɗin sun kai daidai abin da aka ce mana keken yake lokacin da ta fara, har da ɗoriya. Muka shiga kasuwar Sabon Gari tana ta murna. Mai shago ya faɗi farashi, ta juyo ta dube ni, ta zaci wasa yake. Tsakanin farawarta da ranar an cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta faɗi warwas a gaban dala, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Ba wanda ya taɓa mata ko sisi a cikin ƙarfen nan, amma an ci kuɗin. Babanta ne ya cika mata.

Na sha rubuta ma'anar hauhawar farashi a allo, ɗalibai su haddace su zuba a jarrabawa su manta. Yanzu asusun nan nake ɗauka zuwa aji, da tabon waldarsa biyu, in ba su labarin. Har 'yan kujerar baya tambaya suke yi.

In za ku saya, ku sa a yi masa fenti ta ciki kafin a liƙe, kada ku ajiye shi a ƙasa, kuma kada ya wuce wata uku ko huɗu ba a buɗe ba. Kuɗin ɗinkin Sallah, takalmin makaranta, littafin tsofaffin tambayoyi, ya isar. Ita dai yanzu ribarta soɓorodo take saye da kaka ta ajiye a buhu. Asusun kuwa ƙaninta ya gada, ya ce ƙwallo zai saya, na ce masa ya je ya tambayo farashi tun yau.