Ruwan ƙwayoyin zinare na Sigma-Aldrich a gwajin shingen ƙwaƙwalwa

Kamfanin Sigma-Aldrich na sayar da ƙananan ƙwayoyin zinare cikin ruwan sitret (sinadarin da ke hana su mannewa da juna), girma iri-iri tun daga nanomita 5 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), a kaurin OD 1 (ma'aunin yadda ruwan ke shan haske), wato wajen miligiram 0.05 na zinare a kowace mililita. A matsayin kayan fara aiki ba shi da laifi. Amma wanda ya saya don ya zuba kai tsaye a gwajin shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, asarar kuɗi zai yi.

A kowace kwalba, girman ƙwayoyin kusan ɗaya ne, kuma duba lafiyarsu ba wuya: mai nanomita 20 ja ne, ya fi shan haske a kusa da nanomita 520. A ajiye a firij tsakanin digiri 2 da 8. Idan ya daskare, ya tashi aiki.

Matsalar tana ga sitret ɗin. Riƙon da yake yi wa zinare ba mai ƙarfi ba ne, cajinsa ne ke hana ƙwayoyin mannewa da juna, gishiri kuwa yana danne cajin. A zuba a PBS, ruwan gishirin da ake amfani da shi a ɗakin bincike, launi na iya juyewa shuɗi-shuɗi, alamar sun dunƙule. A ruwan kiwon sel mai siram (ruwan jini) kuma furotin ke lulluɓe su, girma da caji su canza. Maganinsa a yi musu riga da PEG, sinadari mai dogon zare da ke kare su, wanda ke da tiyol (ɓangaren da ke kama zinare gam), galibi mai nauyin kilodalton 5, a bar shi ya kwana, a wanke sau biyu a santirifuj, injin da ke juyawa da sauri har ƙwayoyin su kwanta. Masu nanomita 5 ba sa kwantawa da sauƙi, gara a tace su.

PEG kaɗai ba ya tsallakar da su shingen, don haka ake maƙala musu tiransferin, furotin mai ɗaukar ƙarfe da sel na shingen ke karɓa. Nan ma da awo: ɗakin binciken Mark Davis a jami'ar Caltech ta Amurka ya nuna a 2013 cewa idan tiransferin ya yi yawa, ƙwayar na maƙalewa a bangon jijiya maimakon ta wuce.

Wane girma za a saya? A gwajin De Jong na 2008 a Holan, an yi wa ɓeraye allurar masu nanomita 10, 50, 100 da 250, masu 10 ne kaɗai aka gano a ƙwaƙwalwa, akasari kuwa hanta da saifa suka kwashe. A ɗauki 10 zuwa 20, a haɗa da 50 don kwatance.

A kofin Transwell, wanda ake kiwon sel a kan matatarsa don kwaikwayon shingen, mai ramuka mikromita 0.4, a bar ɗaya babu sel, domin matatar kanta na riƙe zinare. Sel na hCMEC/D3, na jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ake kiwo a ɗakin bincike, ba sa matsewa kamar shingen gaske, saboda haka sakamakonsu kan zarce gaskiya. A dabba, a wanke jijiyoyi da ruwan gishiri kafin a cire ƙwaƙwalwa, a narkar da ita, a auna da ICP-MS (injin auna yawan ƙarfe), in ba haka ba zinaren da ke cikin jini za a lissafa.