Seymour Duncan '59: fikof na jitar lantarki don sautin rok na da

Mai neman amon jitar rok ta shekarun 1960 da 1970 yakan ɗauka sai fikof mai ƙarfi, wato maɗaukin sautin da ke ƙarƙashin tsirkiya. Ba haka ba ne. Amon nan daga fikof mai matsakaicin ƙarfi yake fitowa, amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ita ce ke ƙara masa kaushi. A nan fikof '59 na kamfanin Seymour Duncan ya yi fice.

An ƙera shi bisa tsarin PAF, fikof mai naɗin waya biyu da Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin jita na Gibson, wanda ya hau jitar Les Paul a 1957. Maganaɗisunsa Alnico 5 ne, awon naɗinsa kuwa, wato turjiyar wayar ga lantarki (k na nufin ohm dubu), wajen 7.5k a fikof na kusa da wuyan jita, 8k da ɗoriya a na kusa da gindinta. Fikof mai ƙarfi irin DiMarzio Super Distortion ya haura 13k, shi ya sa yake cika kunne amma yana danne ƙananan bugu. Da '59, in ka sassauta hannu sauti ya fito garau, in ka danna ya yi gurnani, kowace tsirkiya kuma ana jin ta daban.

Aibinsa yana ga na wuya. A jita mai nauyin katako kaurin muryarsa kan yi yawa har ta dagule. Kafin ka cire shi, danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuyan jita, ka bar tazarar kusan milimita 2.5 tsakaninta da fikof a ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri, milimita 2 a ɓangaren sirara. In bai washe ba, ƙara sauke shi, sannan ka ɗan ɗago sukurorin samansa.

Maɓallin ƙara ya zama 500k. Na 250k yana cinye kaifin sautin. In za ka haɗa shi da fikof na wani kamfani, bi zanen wayoyin kowanne, domin launukansu ba ɗaya ba ne. Aka juya su, sauti kan sirance kamar ta hanci idan an kunna biyun tare.

An tsoma '59 cikin narkakken kaki, don haka ba ya saurin kuwwa gaban lasifika. Wanda ya fi son taushi ya duba Gibson 57 Classic mai Alnico 2, amma ga mai son cizo a bugu, '59 ya fi dacewa.