Na je kallon Kathakali a Fort Kochi, ga yadda na same shi

Sati biyu muka yi a Kochi muna jiran likita ya sake duba gwiwar Baba bayan aiki, zaman otal duk ya bi ya ishe ni, shi ne mai adaidaitar da yake kai mu asibiti ya ce wai ba a zuwa jiharsu ta Kerala a koma gida ba a ga Kathakali ba, wato wasan kwaikwayonsu na gargajiya mai kiɗa da rawa. Ni a zatona irin rawar finafinan Indiya ce da muka taso muna kallo a Kano, ashe ko hanya ba su haɗa ba.

Wurin wani ɗan ƙaramin gidan wasa ne a cikin lungunan Fort Kochi, ba nisa da bakin ruwan da manyan ragar kamun kifin nan suke. Rupi 500 na biya, aka ce min wasa ƙarfe 6 amma kwalliya tun ƙarfe 5 ake farawa kuma a gaban jama'a ake yi. Dan Allah duk mai zuwa ya je tun biyar ɗin nan, in ka tsallake kwalliyar wallahi rabin kuɗinka ka zubar. Ɗan wasan zai fara zana fuskarsa da kansa da ɗan tsinke yana riƙe da madubi, kalolin ma ba na kanti ba ne, dutse ake niƙawa a kwaɓa da man kwakwa, sannan ya kwanta rigingine a tabarma wani dattijo ya zauna ta wajen kansa yana ɗora masa wani farin abu a gefen muƙamuƙi, ƙullun shinkafa ne da takarda, layi bisa layi har ya tashi kamar bakin faranti, suna ce masa chutti. Mutumin ko motsi bai yi ba, ina ga har barci ya ɗan ɗauke shi. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne wani ɗan ƙwayar iri da ya tura ƙasan fatar idonsa, kafin ka ce me idon ya kaɗa ya yi jajir kamar garwashi, kuma da gangan ake yi don ido ya fito a cikin koriyar fuska.

Kalar ma magana ce. Kore zalla, pacha, na jarumai ne da mutanen kirki. Kore mai jan zane a gefen hanci shi ne kathi, masu sarauta da girman kai da mugunta. Jan gemu azzalumi ne na ƙarshe, farin gemu kuma na Hanuman ne, abin bautar Hindu mai siffar biri. Matan da ke cikin labari ma a al'adance maza ne suke fitowa a matsayinsu.

Kafin wasan wani ya fito ya nuna mana yanayin fuska guda 9 da alamomin hannu, tushensu 24 ne. Kai jama'a, mutum ya tsaya cak amma girarsa na rawa, kumatunsa na karkarwa, ƙwayar idonsa na bin bugun ganga dama da hagu, ni da na gwada a ɗaki daga baya minti ɗaya ban yi ba kaina ya sara. Su 'yan wasan ba sa magana sam, mawaƙa ne a baya suke rera labarin, ga ganga biyu, chenda da ake bugawa da sanda da maddalam ta hannu, a gaba kuma wata doguwar fitilar tagulla mai man kwakwa.

An yi mana guntun labarin wani jarumi Bhima ne daga Mahabharata, tsohon littafin labaran Hindu, ya tafi nemo wa matarsa wata fure sai ya tarar da tsohon biri kwance ya tare hanya, bai san yayansa Hanuman ba ne. Yadda ya cika yana batsewa ya sa kulkinsa zai kau da jelar birin ya kasa, kunya ta rufe shi, duk a fuska ka karanta, har ni da ban san kalma ɗaya ta Malayalam, yaren Kerala, ba sai da na yi dariya.

Inda ban ji daɗi ba, zafi. Fanka ce kawai ga sauro ga kujera mai tauri, chenda kuma ba gangar ɗaki ba ce, a layin gaba na zauna har na fito kunnena yana ƙara. Turancin mai bayani da ƙyar nake tsinta, gara da suka ba da takardar labarin a ƙofa. Sannan ainihin wasan gajere ne ƙwarai, ɗanɗano ne aka yanko wa baƙi, don asalinsa tun ƙarni na 17 kwana ake yi ana yi har gari ya waye. Wanda yake son na gaske sai ya nufi Kerala Kalamandalam a Cheruthuruthy cikin gundumar Thrissur, makarantar da mawaƙi Vallathol ya kafa a 1930, can ake koyar da shi tare da rawar Mohiniyattam ta mata da wasan kwaikwayon Kutiyattam wanda UNESCO ta karrama a 2001. Ni dai ban samu zuwa ba saboda Baba.

Labaran na addinin Hindu ne, wannan kowa ya sani kafin ya sayi tikiti, amma babu wanda ya ce mu yi wani abu, kallo ne kawai. Magariba tana faɗawa ana tsakiyar wasa, masallatai kuma akwai su a unguwar, sai mutum ya tsara kansa.

Ina tsaye a waje ina jiran adaidaita sai ga Bhima ya fito da riga da zani irin nasu, ɗan siririn mutum, sauran kore a bayan kunnensa, idon nan har yanzu jajir, ya hau babur ɗinsa ya wuce.