Tsokar da mahauta ke keɓe wa kansu: abin da za ka duba kafin ka saya don gashi

A jikin kowace saniya akwai wata tsoka guda ɗaya tak, ba ta da 'yar'uwa. Tana rataye ne a jikin tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da gadon baya, dab da ƙoda. Faransawa na ce mata ongle, mutanen Amurka kuma hanga, wato mai rataya. A can ma an daɗe ana yi mata laƙabi da naman mahauci, saboda mahauta sukan wuce da ita gida maimakon su baje ta a tebur. Ranar da na fara nemanta sai da na yi ta kwatance da hannu a kan cikina, kafin mahaucina ya gane. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zaro ta daga cikin leda, ya ce, "Alhaji, ai wannan ba ta cika kaiwa hannun masu saye ba."

Ga yadda za ka gane ta. Jajawur take, jan ma mai duhu, har ta ɗan yi kama da zuciya. Zaren namanta manya ne, a sake, kana ganinsu da ido. Wata farar jijiya mai tauri ta ratsa tsakiyarta tun daga sama har ƙasa, kuma dole a fitar da ita, sai tsokar ta rabu gida biyu dogaye. Nauyinta da wuya ya wuce kilo ɗaya, a shanunmu ma sau da yawa bai kai hakan ba, don haka bayan gyara abincin mutum biyu ko uku ne. Mai shirin ciyar da taron suna ya nemi wani naman. Sannan sai ka yi sammako, ko ka yi magana da mahauci tun jiya, ka ce a cire maka ita ɗungurungum. Da zarar an daddatsa ta an zuba cikin kashin nama, shi ke nan, ta zama ta miya.

Me ya sa za a sha wannan wahala alhali ga sauran nama birjik? Ɗauki file, tsokar nan mai laushi da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya. Babu abin da ya kai ta taushi a jikin saniya, shi ya sa ta fi tsada a kantuna, amma ɗanɗanonta salam yake, kuma da yake ba ta da kitse, ɗan sakaci kaɗan a kan wuta sai ta bushe. Cinya ga ta da auki da sauƙin samu, ita ce ta tsire da kilishi, sai dai shanunmu, Bunaji ne ko Bokolo ko Azawak, sun sha tafiya a kiwo. Cinyarsu tana son a fere ta siriri, idan ka gasa ta da kauri haƙori zai gaya maka. Wadda ta fi kusa da mai rataya ita ce shimfiɗaɗɗiyar tsokar jikin tantanin kansa, da Faransawa ke kira amp, doguwa siririya kamar ɗamara, sai kuma babet ta gefen ciki. Dukansu suna shan haɗi sosai, suna gasuwa nan da nan. Idan mai rataya ta ƙare, amp nake saye ba tare da wani tunani ba. Amma mai rataya ta fi su kauri da ruwa a jiki, ga wani ɗanɗano mai ƙarfi da ke ɗan karkata wajen hanta. Wanda ba ya son ƙanshin kayan ciki ko kaɗan, gara ya tsaya a kan file.

Akwai abu guda da nake so a ɗauka da muhimmanci. Tantanin nan, tare da zuciya da harshe da naman muƙamuƙi, yana cikin wuraren da ƙwayayen tsila suka fi maƙalewa a jikin saniya, shi ya sa ma'aikatan duba nama ke tsaga su a mayanka. Ka sayi naman da aka duba, kai ma ka buɗe zaren ka leƙa. In ka ga wasu fararen ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar shinkafa, ajiye musu kayansu. A gidajen abincin Faransa da jini-jini ake kawo ongle. Ni ban ba kowa wannan shawarar a nan ba. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce a kai tsakiyar irin wannan nama digiri 63 na Salshiyas, a bar shi ya huta minti 3, kuma a nan nake tsayawa. A wannan zafin tsokar tana nan da ruwanta. Ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke ya fi duk wani kwalban haɗi amfani, in kuɗin abu ɗaya ke gare ka.

Wani bambancin kuma, a Turai ana rataye nama cikin sanyi mako biyu ko uku kafin a sayar, mu kuwa yankan safe ake ci da rana, daidai lokacin da tsoka ke sandarewa. Idan kana da tabbacin wutar lantarki, bar naman ya kwana ɗaya ko biyu a firji. Za ka ji bambanci.

Sai maganar jiƙo. Haɗi mai tsami, na lemon tsami ko tsamiya ko khal, saman naman kawai yake ratsawa, ba ya kaiwa ciki. Awa ɗaya zuwa biyu ta wadatar, in ya kwana sai naman ya koɗe, samansa ya lalace. Ɗanyar gwanda da abarba da ɗanyar citta suna da sinadarin da ke narka tsoka, kuma ba sa wasa. Na taɓa barin mai rataya ta kwana cikin ruwan abarba, da safe na ɗora a raga tana dagargajewa kamar dambu, har yau abin yana yi mini ciwo. Waɗannan na cinya ne, na minti talatin. Kindirmo ya fi su haƙuri, ana iya kwana a cikinsa a firji, sai dai a goge shi tas kafin a kai wuta. Haɗin kwalba da ake sayarwa a manyan kantuna kuwa, juya bayansa ka karanta. Da yawa sukari ne a gaba, shi kuma ƙonewa yake yi kafin nama ya nuna, wasu ma akwai giya a ciki. Yajin ƙuli-ƙuli ma haka, a kan siririn tsire ya dace, amma a kan tsoka mai kauri da wuta mai ƙarfi baƙi yake yi ya yi ɗaci, don haka a barbaɗa shi bayan an sauke. Zaɓina ga mai rataya shi ne gishiri, man gyaɗa, dakakkiyar tafarnuwa, masoro da ɗan matsin lemon tsami, na awa biyu. Naman yana da ɗanɗanonsa, ba ya son a danne shi.

Inda ya kamata a ɓata lokaci shi ne ɗanyen haɗin ganyen da ake zubawa a kai bayan an yanka. Cimicuri na Ajantina da Yurugwai shi ya fi shahara: ganyen fasli, tafarnuwa, wani ganyen ƙanshi mai suna oregano, jan barkono, khal da mai. Tsaminsa yana yanke maiƙon naman daidai wa daida. Asalinsa da khal ɗin giyar inabi ake yi, wanda hankalinsa bai kwanta ba ya sa na tuffa. Sharmula ta Maroko da maƙwabtanta tana da ganyen kusbara da kamun da lemon tsami, an fi saninta da kifi, amma tana shiga da nama. Salsa barde ta Italiya tana buƙatar ƙananan kifin gishiri da wasu tohon furanni jiƙaƙƙu da sai an shigo da su, ban ga dalilin kashe wannan kuɗin ba.

Fasli kansa sai an nema a kasuwannin kayan gwari irin 'Yankaba a Kano ko Farin Gada a Jos, kuma a zafinmu kwana ɗaya ya isa ya yi yaushi. Zaɓi mai kore shar, wanda ganyensa ke tsaye. In babu, ga wanda na fi yi a gida: lawashi, ɗoɗɗoya, na'a-na'a kaɗan, attarugu ɗaya, tafarnuwa, lemon tsami, gishiri da man gyaɗa mai kyau. Da wuƙa ake yayyanka su, injin markaɗe yana mayar da su kunu. Man zaitun yana da daɗi in na gaske ne, amma sabon man gyaɗa ya fi tsohon man zaitun da ya sha rana a kanti. Shinshina kafin ka biya.

Wajen gashi, jira gawayi ya zama garwashi, farin toka ya rufe shi. Tsane naman, ɗora shi minti huɗu zuwa biyar kowane gefe, gwargwadon kaurinsa, sannan ka auna. Ka bar shi a faranti ya huta kafin wuƙa ta taɓa shi. Duba inda zaren ya nufa, ka gicciye shi, yanka siriri a karkace. In ka bi tsawon zaren, tsokar da ka yi wa sammako za ta zama kamar igiya a baki. Ruwan da ya taru a farantin kuma, juye shi cikin haɗin ganyen ka motsa, sannan ka zuba a kan naman.