Ajin Aikin Hannu na Ƙananan Yara a Kudancin Jidda: Abin Yabo da Abin Gyara

A kudancin Jidda akwai wata baiwar Allah Bahaushiya, haihuwar nan ƙasar Saudiyya, wadda take mayar da falon gidanta ajin koya wa ƙananan yara aikin hannu a lokacin dogon hutun makaranta. Da yake labarinta ya fara yawo a rukunonin mata na WhatsApp, wasu suna yabo wasu kuma suna tambaya, na ga ya dace in rubuta abin da na gani bayan 'yata mai shekara biyar da ɗan ƙanwata mai shekara uku sun halarci ajin a hutun da ya wuce. Tana karɓar yara maza da mata daga shekara uku zuwa bakwai, daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba, ana biya wata-wata, kuma kuɗin wata guda bai kai abin da uwa mai yara biyu take kashewa ba idan ta kai su wurin wasa na manyan kasuwannin zamani a ƙarshen mako.

Buƙatar irin wannan aji ba ta ɓoyu ga kowa ba. Hutu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, lokacin da zafi yake kusantar digiri 40 kuma danshin teku yake hana mutum tsayuwa a waje. Ga shi kuma tun rushe-rushen da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya ɗauke unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail, iyalanmu da yawa sun koma gidajen bene inda babu tsakar gida kuma babu lungun da yaro zai fita ya yi wasa da sa'o'insa. Abin da ya rage masa shi ne waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada yaro mai shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa guda a gaban waya ko talabijin a yini, amma duk uwar da ta yi hutu a ɗaki biyu da falo ta san yadda wannan awa take zama huɗu.

Abin da ya bambanta ajin, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin ya cancanci kuɗinsa, shi ne kusan ba a sayen komai. A ranar farko Malama, kamar yadda iyaye suke kiranta, takan ba kowace uwa jerin abubuwan da za ta riƙa ajiyewa maimakon zubarwa: kwalin ƙwai, kwalin madara, murafun gorar ruwa, tsinken askirim, tsofaffin mayafai, ragowar zare, da ƙwallon dabino wanda aka wanke aka shanya. Almakashi mai dakusasshen baki da takarda mai launi kaɗai take sayowa daga kantin kayan rubutu. Wanda ya saba shiga Jarir, babban kantin littattafai da kayan rubutu, ko shagunan kayan araha da ake kira abu hamsa, da suke cike da akwatunan aikin hannu haɗaɗɗu, zai iya ɗauka cewa wannan tsimi ne kawai. Ni ban ga haka ba. Akwatin da aka haɗa yana zuwa da hoton abin da ake so yaro ya yi a jikin murfinsa, yaro ya kwaikwaya a yammaci ɗaya, kaya su ƙare, sai a sake saye. Shi kuwa yaron da ya koyi cewa kwalin ƙwai zai iya zama jirgin ruwa, to ya tafi gida da ajin gaba ɗaya, domin babu gidan da ba a cin ƙwai a cikinsa. Tun daga lokacin 'yata ba ta bari a jefar da kwali sai ta duba shi, abin da ba koyaushe yake yi wa mai shara daɗi ba.

Kwaɓin wasa, wanda ake kira salsal a nan, shi ne aikin da yara suka fi so, kuma a gabansu take haɗa shi. Takan zuba kofi ɗaya na fulawa da rabin kofi na gishiri da kofi ɗaya na ruwa da babban cokali ɗaya na mai, ta ƙara ɗan gishirin lemo irin wanda ake sayarwa a kowace bakala, wato kantin unguwa, ta ɗora a wuta kaɗan tana tuƙawa har ya kame ya bar jikin tukunya, sannan ta murza shi idan ya huce. Gishirin ne yake hana shi saurin lalacewa, tsamin kuma yake ba shi danƙo, kuma idan aka rufe shi a roba aka sa a firji yakan yi makonni. Wannan bai yi nisa da na kanti ba, domin Play-Doh ɗin da aka fara sayarwa a Amurka a matsayin abin wasa a 1956, bayan a da da shi ake goge baƙin hayaƙi daga takardar bango, shi ma tushensa fulawar alkama ce da gishiri da ruwa. Launi kuma daga madafa take samo shi. Kurkum yana ba da rawaya mai kyau ƙwarai, garin koko yana ba da ruwan ƙasa, gawayi yana ba da baƙi. Zoɓo ne kaɗai yake ba da kunya, domin jansa yana dusashewa a cikin fulawa ya koma wani launi tsakanin shunayya da toka, don haka idan ana son ja na gaske sai ta koma ga launin abinci.

Akwai kwaɓi na biyu da ba a dafawa, kofi biyu na fulawa da kofi ɗaya na gishiri da kimanin kofi ɗaya na ruwa, wanda ake so ya bushe ya yi tauri a yi masa fenti. A nan ne na fara samun abin cewa. Gishiri yana jawo danshi, iskar Jidda kuwa danshi ne da ita, saboda haka abin da zai bushe cikin sauƙi a Makka ko Riyad yakan kwana biyu a nan yana gumi. Malama tana ba yara ayyukansu a jiƙe su tafi da su gida, kuma ba ta gaya wa iyaye cewa sai an sa su a tanda da wuta ƙasa-ƙasa, kimanin digiri 100, na awa biyu zuwa uku ba. Tafin hannun 'yata da ta danna a kan kwaɓin ya lalace kafin in gano haka. Gyara ne mai sauƙi, layi ɗaya a rukunin iyaye ya isa.

Gam ma ita take yi, da fulawa ko sitaci da aka dama da ruwan zafi, wanda ya isa ya riƙe takarda da kwali. Idan kuwa za a yi tawada, sai ta jiƙa ƙaro, wanda take sayowa a wajen masu kayan ƙamshi kuma mafi yawansa daga Sudan yake zuwa, ta haɗa da garin gawayi, daidai yadda ake yi a makarantun allo. Manyan yaran suna rubuta haruffa da ita a kan kwali mai siffar allo, su zagaye gefensa da zayyana.

Inda ajin ya fi burge ni shi ne zaɓin abin da ake ƙerawa. Ba ta ɗauko zane-zanen intanet yadda ta gan su ba, abin da yaran suke gani da idonsu da abin da iyayensu suka gada take ba su. Da tsinken askirim suka jera tagogin katako da ake kira rawashin, irin na tsofaffin gidajen Balad, unguwar da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya a 2014, kuma yaron da ya manna tsinke ashirin da hannunsa ba zai sake wucewa ta gaban waɗannan gidaje bai ɗaga kai ba. Wani mako kuma ta nuna musu zanen Ƙaɗɗul Asiri, wanda matan yankin Asir suke ƙawata bangon ɗakunansu da shi, mai alwatika da layuka a launuka masu haske, wanda shi ma ya shiga jerin al'adun UNESCO a 2017. Ta zaɓe shi da hikima, domin alwatika da layi su ne abin da hannun ɗan shekara huɗu zai iya. Da suka saba, sai ta kawo dagin Arewa, ta zana shi da ɗigo-ɗigo yara suna haɗawa, ta gaya musu cewa irinsa ne a bangon gidajen Kano da Zariya da kuma jikin manyan rigunan kakanninsu. Saƙar takarda, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ta zama hanyar nuna musu yadda ake saƙa tabarma da faifai, da yadda mutanen Ahsa suke saƙa ganyen dabino. Motar kara ce kawai ta gagara, tunda babu karan dawa a Jidda, sai aka yi ta da kwalin madara da murafun gora. Ma'aikatar Al'adu ta ƙasar nan ta ware 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu, kuma a ganina wannan falo yana yin aikin da ake magana a kansa ba tare da wani taro ba.

Da Hausa take magana da yaran, su kuma yawancinsu da Larabci suke amsawa, ba ta kuma tsawata musu a kan haka. Tana maimaita umarninta ne kawai, yanka, naɗe, manna, murza, har kunnensu ya kama. Game da zanen abubuwa masu rai, tana kauce wa fuska da ido, ta fi karkata ga masallaci da bishiyar dabino da jirgi da gida. Iyaye sun sha bamban a kan wannan, amma tunda ta faɗa tun farko, babu wanda zai ce an yi masa ba-zata.

Sauran abubuwan da suke buƙatar gyara sun fi batun kwaɓi nauyi. Falon ƙarami ne, yaran sun yi masa yawa, kuma haɗa ɗan shekara uku da ɗan shekara bakwai a tabarma ɗaya yana cutar da duka biyun, babba ya gaji da jira, ƙarami ya shiga abin da bai kai ba. Ƙwallon dabino da duwatsun ado suna zube a tsakiya kowa yana ɗiba, alhali ƙa'idar da masu ƙera kayan wasa suke bi ita ce duk abin da zai shige bututu mai faɗin kimanin santimita 3 yana iya shaƙe yaron da bai cika shekara uku ba, kuma wanda ya cika ukun jiya bai daina kai abu baki ba. Ɗan ƙanwata an zaro masa ƙwallon dabino daga kunci. Shi kansa kwaɓin, gishirin da ke cikinsa ya isa ya cutar da ƙaramin yaro idan ya haɗiye mai yawa, don haka yana buƙatar ido, ido biyu kuwa ba za su wadaci wannan adadi ba.

Ranar lalle ma ta ba ni tsoro. Na yaba da ba ta amfani da baƙin lalle mai sinadarin rinin gashi, wanda yake ƙona fatar wasu, amma ko jan lalle na asali yana da haɗari ga yaron da yake da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, ciwon da ake kira animiyar ful a nan, domin yana iya fasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a cikin Larabawa ko a cikinmu mutanen Afirka ta Yamma, kuma ya fi kama yara maza. Ba a tambayi kowace uwa ba kafin a shafa. Haka ma ba a tambaya ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar alkama, alhali fulawa ce rabin kayan aikin.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, ba shi da alaƙa da lafiya. Akwai wata budurwa 'yar uwarta da take taimaka mata, yarinya mai haƙuri da yara, amma idan lokacin tashi ya matso sai ta bi ayyukan tana gyara su, ta miƙe abin da ya karkace, ta cike fentin da bai cika ba, domin su yi kyau a hoto. Wannan yana rushe abin da ajin ya ginu a kai. Yaro yana gane hannunsa, kuma idan aka miƙa masa fitila mai kyau wadda ya san ba shi ya gama ta ba, abin da aka koya masa shi ne nasa bai isa ba. Na fi son a ba ni mota mai taya uku da gam yana zuba. Hotunan kuma ana ɗora su a shafin tallan ajin da fuskokin yara a fili ba tare da neman izini ba. Da na yi mata magana ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban yi tunanin haka ba," ta cire na 'yata nan take, amma kamata ya yi tambayar ta zo kafin hoton.

Ga yaro mai shekara huɗu da rabi zuwa bakwai, ina ba da shawarar wannan aji ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin uwa ta sa masa tsohuwar riga, domin kurkum ba ya fita daga farin yadi, ta kuma faɗi duk wani ciwo da yake da shi tun ranar rajista ko ba a tambaye ta ba. Ga ɗan shekara uku, gara uwa ta karɓi ma'aunin kwaɓin da na gam ta yi da shi a gida a gaban idonta. Malama ta ce za ta sake buɗewa a watan Sha'aban domin yara su yi fitilun azumi da jinjirin wata na kwali, kuma ta yi alkawarin raba su gida biyu bisa shekaru. Na riga na rubuta sunan 'yata, ɗan ƙanwata kuwa sai mun ga an raba ajin tukuna.