Gashin ƙashi bayan raunin fizgar wuya: abin da ya yi min aiki da abin da bai yi ba

Duk wanda aka doki motarsa ta baya, ya wayi gari wuyansa ya sandare, shawarata gare shi ita ce ya nemi likitan gashin ƙashi da zarar an tabbatar masa babu karaya. Kada ya kwanta a gida yana jiran ciwon ya tafi da kansa. Na yi makonni ina zuwa sashen gashin ƙashi na wani asibiti saboda wannan rauni, na kuma yi amfani da kwalar soson nan da ake ɗaurawa a wuya. Jinyar ta gamsar da ni ƙwarai, duk da akwai inda ma'aikatan suka gaza. Kwalar kuwa ba zan ce wa kowa ya saya ba, sai in likita ne ya ba shi da dalili.

Motata na tsaye aka buge ta, kuma bugun bai yi ƙarfin da zai tsorata kowa ba. Na fito da ƙafata, ko ƙwarzane babu. Sai washegari wuya ya ƙi juyawa, ga ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya ya zagayo goshi, ga nauyi a kafaɗu. Likitan da ya fara duba ni ya ce haka raunin yake, sau da yawa sai bayan awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu yake bayyana. Ya gwada ƙarfin hannayena, ya tambaye ni ko ina jin mutuwar jiki ko tsira-tsira a yatsu, ya sa na juya kai dama da hagu. Ya ba ni farasitamol da ibufurofen, bayan ya tabbatar ba ni da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, sannan ya tura ni gashin ƙashi. Kwalar, wani ɗan'uwana ne ya kawo min ita don tausayi.

Abin da ya fi komai daraja a duk jinyar shi ne zaman farko, wanda kusan rabinsa bayani ne. Likitar ta ɗauko samfurin ƙashin wuya ta nuna min ƙasusuwa 7 da ke jere daga ƙeya zuwa kafaɗa, da faifan guringuntsi da ke tsakaninsu, da ƙananan gaɓoɓin da ke bayansu. Kan babban mutum ya kai kilo 4 zuwa 5, kuma wannan siririn jeri ne ke ɗauke da shi. Idan aka buge mota ta baya, kujera ce ke ingiza gangar jiki gaba, kai kuma ya tsaya a baya na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya fizgo gaba. Kafin tsoka ta ankara ta ƙame, abin ya riga ya faru. Tsoka da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi su ne ke miƙewa fiye da kima, shi ya sa hoton ƙashi ke fitowa lafiya lau alhali mutum na fama. Wannan bayani ya sauke min nauyi a zuciya, domin na fara jin kamar mutane na ganin raki nake yi.

Ta kuma gaya min matakin da nake. Tun 1995 wani kwamitin masana a lardin Kebek na Kanada ya kasa raunin gida biyar, daga 0 zuwa 4, kuma har yanzu da wannan rabon ake aiki. Na 1 ciwo ne da sandarewa kawai. Na 2 akwai abin da likita zai gani da idonsa, kamar raguwar juyin wuya da wuraren da ke zafi idan an danna. Na 3 ya taɓa jijiyar laka, hannu ya yi rauni ko ya mutu. Na 4 karaya ce ko gocewar ƙashi. Ni ina na 2, kuma ta ce yawancin masu irin nawa suna samun sauƙi cikin wata biyu zuwa uku. Ba ta ɓoye min ba cewa akwai waɗanda ciwon ke daɗe musu, har a shekara suna jin ɓurɓushinsa. Na ji daɗin wannan gaskiya fiye da a ce min sati ɗaya zan warke.

Da kwalar a wuyana na je, kuma ita ta fara magana a kai. "Malam, cire ta mu gani," in ji ta. Na ce, "Likita, idan na cire ji nake kamar kaina zai faɗi." Ta ce ai wannan jin shi ne matsalar, tsokar wuya ta fara sakar wa soso aikinta. Gaskiya ne kwalar na ba da daɗi a awannin farko: tana ɗumama wuya, tana hana juyin bazata. Amma duk lokacin da na cire ta, sai na ji wuyan ya fi da ƙagewa, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Ga zufa, ga ƙaiƙayi a ƙarƙashin haɓa, barci da ita kuwa wahala ne. Shawarar likitoci ta canja a kanta tun da daɗewa, har hukumar lafiya ta Birtaniya tana faɗa ƙarara cewa kada mai wannan rauni ya yi amfani da ita. Wannan bai shafi kwala mai tauri da ake sa wa mutum a wurin hatsari kafin a tabbatar babu karaya ba. Waccan aikinta daban.

Motsa jikin da aka koya min ba shi da wani armashi a ido. Ka juya kai dama da hagu a hankali, ka karkatar da kunne wajen kafaɗa, ka janye haɓa baya ba tare da ka sunkuya ba, ka matse allunan kafaɗa biyu ka saki. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Ƙa'idar da ta ba ni ita ce ɗan zafi ba laifi ba ne, matuƙar yana lafawa bayan an gama. Idan ya ƙaru ya kwana, to na wuce gona da iri, in rage amma kada in daina. Wannan ƙa'ida ta cire min tsoron motsi, wanda a ganina shi ne rabin cutar.

Daga baya aka shiga atisayen da na fi so. Ina kwance rigingine, ta sa wata 'yar jakar iska mai agogon awo a ƙarƙashin wuyana, ta hura ta zuwa 20. Aikina in gyaɗa kai a hankali kamar mai cewa "eh", in kai allurar 22, in riƙe, a bi da bi har 30, ba tare da manyan tsokokin gaban wuya sun kumbura ba. Yana da wuya fiye da yadda ake zato. Ƙananan tsokoki na can ciki, masu riƙe ƙasusuwan, su ake tadawa. Da na fara iya riƙewa, ciwon kan nan na yamma ya soma ja da baya, kuma ganin allura na hawa daga mako zuwa mako ya sa ban yi sanyi ba.

Ga inda ma'aikatan suka gaza. Na'urar lantarki mai tsira fata da ake manna min, da jakar ɗumi, suna cin kaso mai yawa na lokacin zama, alhali sauƙinsu ba ya wuce 'yan awanni. Ɗumi ko ƙanƙara a nannaɗe cikin tawul na minti 15 abu ne da kowa zai yi a gida. Da an ba ni zaɓi, da na ce a mayar da lokacin kan atisaye. Sannan ba kullum nake samun likita ɗaya ba, wata rana sai na sake labari daga farko ga wanda bai karanta fayil ɗina ba. Ba a ba ni takarda mai zanen atisayen ba sai da na roƙa, kuma mai ciwon kai ba ya riƙe abu shida da aka nuna masa sau ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya tambaye ni halin da zuciyata ke ciki. Na daɗe gabana na faɗuwa duk lokacin da mota ta matso ta baya, barcina ya lalace. An san fargaba da damuwa bayan hatsari na cikin abubuwan da ke jinkirta warkewa, don haka tambaya ɗaya tak ta kamata ta shiga zaman farko.

Wannan jinya ba ta kowa ba ce kai tsaye. Wanda hannunsa ko ƙafarsa ta yi rauni ko ta mutu, ko yake tangaɗi a tafiya, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko yake amai da ruɗewa da ganin abu bibbiyu, sashen gaggawa ne wurinsa, nan take. Haka wanda ya kai shekara 65, ko hatsarin ya yi muni, a yi masa hoto tukuna. Kuma kada a bar kowa ya murɗe wuyan da ƙarfi wai don ya yi ƙara ya saki, musamman a kwanakin farko.

A zaman sallama likitar ta bi ni har mota ta gyara matashin kan kujera. Ta ce samansa ya yi daidai da saman kai, ya kuma matso dab da ƙeya, domin tazarar da ke tsakani ita ce ke ba kai damar fizgewa baya. Kafin ta gyara, nawa yana can ƙasa ne, daidai wuya. Yanzu ina juya kai in duba bayana ba tare da na juya duk jiki ba, na daina shan magani. Idan na daɗe a gaban kwamfuta wuyan na ɗan yi tsami, sai in tashi in yi atisayen haɓa da na kafaɗa ya saki. Mai shirin zuwa ya nemi a bar shi da likita ɗaya, ya kuma karɓi takardar atisayensa tun ranar farko.